Masanan Gabas da Kyautarsu

Linjilar Matta, sura ta 2, ta ba da labarin waɗansu masana da suka taso daga gabas saboda wani tauraro, suka isa Urushalima. Sarki Hirudus ya tura su Baitalami. Can suka sami Annabi Isa yana ƙarami, suka ba shi zinariya da lubban da mur. Malaman Kirista sun ce zinariya alamar sarauta ce, lubban ta bauta, mur kuwa ta mutuwa, gama da shi ake shafe gawa.

Mun saba jin wai sarakuna uku ne, amma Matta bai faɗi haka ba. Daga kyauta uku aka ɗauko adadin. Kiristocin Siriya ma sha biyu suka ce. To, sai mu riƙa rarrabe abin da ke rubuce da abin da baki ya ƙara.