Fankar lantarki ba ta shan ruwan fadama, amma tana iya kashe ungulu

Tun daga Janairun 2021, lokacin da 'yan ta'adda suka tarwatsa turakun layin wuta tsakanin Damaturu da Maiduguri, birnin Maiduguri ya shafe watanni cikin duhu, maganar lantarki ba ta bar bakin mutane ba. Tashar gas mai megawat 50 da aka ƙaddamar a Maris ɗin 2023 ta rage raɗaɗi, sola kuma ta hau rufin gidaje da shaguna. To amma duk sanda wani ya ce me zai hana a gwada iska, sai zantuka su biyo baya: wai fankokin nan suna korar hadari, wai suna busar da fadama, wai tsuntsu ba ya saura a inda aka kafa su. Masu son abin kuma su ce duk sharri ne, makamashi mai tsafta ba ya cutar da komai. Kowane ɓangare na riƙe da guntun gaskiya, ya kuma lulluɓe shi da ƙari.

Babbar tashar iska da Najeriya ta gina tana Lambar Rimi a jihar Katsina: fankoki 37, kowace mai kilowat 275, jimilla kusan megawat 10. Kamfanin Vergnet na Faransa ne ya yi aikin, kuma ya sha tsaiko, musamman bayan sace injiniyansa Francis Collomp a garin Rimi a Disambar 2012. Saboda haka duk wanda ya ce fankoki ne suka taɓa ruwan Borno ko tsuntsayenta, yana ɗora laifi ne kan abin da ba a kafa a nan ba. Amfanin tattaunawar shi ne a san me za a nema idan ranar ta zo.

Zancen korar hadari shi ne mafi sauƙin warwarewa. Damina tana zuwa mana ne da iskar da ke taso da danshi daga tekun Atlantika, kuma gizagizan ruwa suna haɗuwa a nisan kilomitoci sama da ƙasa. Fankokin Rimi tsawon turakunsu mita 55 ne. Abin da aka auna a manyan tashoshin jihar Texas ta Amurka shi ne ƙasar da ke ƙarƙashin fankokin takan ɗan ƙara ɗumi da dare, ƙasa da digiri ɗaya, saboda fukafukan suna gauraya iskar sama da ta ƙasa. Iyakarsa ke nan, kuma a farfajiyar tashar kawai. Farin 1973 da na 1984, waɗanda suka karya manoma da makiyayan Borno, sun zo ne babu fanka ko ɗaya a yankin.

Haka zancen shanye ruwa. Fankar iska ba ta buƙatar ruwan sanyaya inji kamar tashar gawayi ko ta nukiliya. Mun san abin da ya ci ruwanmu. Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, zuwa tsakiyar shekarun 1980 bai kai kashi ɗaya cikin goma na haka ba, kuma fari ne babban dalili. A dausayin Haɗeja da Nguru, madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ambaliyar shekara ke sauka, ciyawar kacalla ta samu wuri ta toshe magudanai, masunta da masu noman shinkafa suka shiga halin ni-'yasu. Ina jin zafin yadda muke saurin tsorata da baƙon inji, alhali ɓarnar da ke gaban idonmu shekara hamsin ba ta samu irin wannan kulawar ba.

Sai dai a nan ne masu cewa babu illa ko kaɗan suke kuskure. Fanka ba ta shan ruwa, amma ginin tashar yana iya kashe fadama. Kowace fanka tana son tushen kankare mai zurfi, da fili mai ƙarfi inda babbar motar ɗaga kaya za ta tsaya, da hanya mai faɗi da za ta ɗauki tirela mai jan fiffike, da ramukan binne wayoyi. Fadama kuwa rayuwarta a kan tafiyar ruwa take: ya shigo da kaka, ya kwanta, ya janye a hankali ya bar laka da ƙananan kifi da ciyawa. Hanya guda da aka cika da jar ƙasa ba tare da isassun kwalbatoci ba ta isa ta mayar da gefe ɗaya tafki, ɗaya gefen faƙo. Duk manomin shinkafa a fadamar Jere ya san haka ba sai an karanta masa ba. A Derrybrien ta ƙasar Ireland, a Oktoban 2003, aikin gina tashar iska a kan tudu mai taɓo ya sa ƙasa ta zaftare cikin kogi, kifaye kusan 50,000 suka mutu. A 2019 kotun Tarayyar Turai ta ci ƙasar tarar yuro miliyan 5 saboda ba a yi binciken muhalli yadda ya kamata ba.

Batun tsuntsaye ya fi kowanne buƙatar natsuwa, don gaskiya da ƙari sun fi cakuɗewa a cikinsa. Cewa fankoki suna kashe tsuntsaye gaskiya ne. Daga nesa fiffiken kamar yana juyawa a hankali, amma bakinsa a manyan fankoki yana wuce kilomita 250 a awa. Cewa su ne manyan makasa tsuntsaye kuma ba haka ba ne. Ƙiyasin da aka yi a Amurka ya nuna kuliyoyi suna kashe tsuntsaye fiye da biliyan 2 a shekara, gilasan gine-gine ɗaruruwan miliyoyi, fankokin iska kuwa 'yan dubu ɗari.

Amma kada wannan lissafi ya rufe mana ido. Kyanwa ba ta kama mikiya. Tsuntsayen da fanka ta fi kashewa su ne manya masu shawagi, irin su ungulu da mikiya da shaho da shamuwa, waɗanda ke hawa zazzafar iska suna kallon ƙasa ba gabansu ba. Kuma su ne masu jinkirin haihuwa. Ungulu ƙwai ɗaya take yi a shekara, ɗanta kuma sai ya yi shekaru kafin ya fara nasa. Rasa goma daga cikinsu ya fi rasa dubban jan baki ciwo. A Altamont ta California, inda aka kafa dubban ƙananan fankoki a shekarun 1980 a tsakiyar wurin farautar mikiya, an yi ta tsintar gawarwakinsu shekara da shekaru. A wajenmu lamarin ya fi tsanani, domin ungulun da a da ke cika mahauta ta riga ta yi ƙaranci saboda guba da masu sayenta don tsibbu, har a 2015 aka sa ta cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa.

Akwai wani abu da ya keɓanta da yankinmu. Tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai, agwagin ruwa da masu kiwo a bakin laka, suna tsallako Sahara su sauka a Tafkin Chadi da dausayin Haɗeja da Nguru daga wajen Oktoba zuwa Maris. Wannan ne ya sa aka sa tafkin Nguru cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 2000, kuma saboda su ne ake kiyaye Dagona, wani yanki na gandun dajin ƙasa na Chad Basin mai hedikwata a nan Maiduguri. Lokacin zamansu shi ne lokacin hunturu, sanda iskar arewa maso gabas ke kaɗawa, mai tashar ke son fankokinsa su yi ta juyawa, hazo kuma ya rage gani. Ga su kirinjijiya da dinya da ke kai da komo tsakanin wurin kwana da wurin kiwo da asuba da magariba. Fanka a kan wannan hanya tarko ce. Irin fankar nan a tudun da ke nesa da ruwa kuwa, haɗarinta ba ya kama ƙafar wannan.

Jemagu ma suna mutuwa, galibi a daren da iska ba ta da ƙarfi. Hana fankar juyawa a irin waɗannan darare yakan rage mutuwarsu da rabi ko fiye, wutar da ake asara kuma kaɗan ce.

Masu cewa in an kafa shi ke nan, babu magani, su ma ba su yi daidai ba. A yankin Cadiz na Sifaniya an sa masu gadi suna tsayar da fanka idan sun hango ungulu na tahowa, mutuwarsu ta ragu da rabi, wutar da aka rasa ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Masar na yin irin haka a gabar Suez lokacin ƙaurar tsuntsaye. A tsibirin Smola na Norway an shafa wa fiffike ɗaya baƙin fenti, mutuwar tsuntsaye a waɗannan fankokin ta ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari, ko da yake gwajin a kan fankoki ƙalilan aka yi shi. Abin da ake yawan mantawa shi ne wayoyin da ke kwashe wutar. A kusa da Port Sudan wani layi guda ya shafe shekaru yana kashe farar ungulu kafin a sauya shi.

Dokar binciken tasirin muhalli ta 1992 ta wajabta a yi nazari kafin babban aiki irin wannan, kuma Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya takan baje rahoton kwana 21 na aiki don jama'a su duba su yi magana. Idan aka kawo shirin tashar iska Borno ko Yobe, abin da ya kamata mu bincika a rahoton shi ne: an ƙirga tsuntsaye shekara guda cif, har da hunturu, ko kuwa an leƙo ne da bazara aka koma? Kilomita nawa ne tsakanin fanka ta farko da bakin ruwa? Ta ina hanya da waya za su bi, kwalbati nawa aka tsara? Wa ke da ikon tsayar da fanka, wa kuma zai riƙa ƙirga gawarwaki bayan an fara aiki? A kuma karanta rahoton da Kanuri da Hausa a gaban masuntan Baga da manoman Jere, domin su ne suka san inda ruwa ke bi da inda tsuntsu ke sauka.