Aikin tallata hajar kamfanoni: Abin da ya kamata matashi ya sani kafin ya karɓi riga da hula

Duk wanda ya saba ratsa Kasuwar Singa ko ta Sabon Gari a Kano, ko Kasuwar Wuse a Abuja, ya san su da gani: samari da 'yan mata sanye da riga iri ɗaya mai ɗauke da tambarin kamfani, an kafa laima, lasifika na tashi, wani yana raba taliyar ɗanɗano, wata kuma tana roƙon masu wucewa su tsaya a buɗe musu asusu a waya. Su ne masu tallata hajar kamfanoni, kuma ga matasa da yawa da suka kammala sakandare ko difloma, ko suka dawo daga hidimar ƙasa babu abin yi, wannan ne aikin farko da ke buɗe musu ƙofa ba tare da an tambaye su shekara nawa suka yi suna aiki ba.

Sauƙin shigar shi ne abin da ke jan matasa, shi ne kuma inda haɗarin yake. Aikin da ba ya neman gogewa yakan tara masu nema fiye da guraben da ke akwai, wanda kuma yake tsoron a ba wani gurbinsa ba ya yawan tambayar sharuɗɗa. Ga bayanin yadda aikin yake, da yadda ake nemansa, da abin da dokar Najeriya ta tanada game da shi.

Wane ne yake ɗaukar aikin?

Sau da yawa kamfanin da sunansa ke jikin rigar ba shi ne ya ɗauki mai sanye da ita aiki ba. Manyan kamfanonin abinci, sabulu, sadarwa da hada-hadar kuɗi ta waya sukan ba wani kamfanin talla kwangilar gudanar da gangami na 'yan kwanaki ko makonni. Kamfanin tallan ne ke nemo matasa, ya horar da su, ya naɗa musu shugaban tawaga, ya kuma biya su. Wani lokaci ma akwai ƙaramin ɗan kwangila a tsakani, wanda ke kula da jiha ɗaya ko gari ɗaya.

Amfanin sanin wannan yana fitowa ne ranar da kuɗi suka maƙale. Matashin da ya yi makonni yana tallata hajar wani babban kamfani, idan ya je ofishinsu neman haƙƙinsa, za a iya ce masa sunansa ba ya cikin ma'aikatansu, kuma a takarda gaskiya suka faɗa. Saboda haka tambayar farko da ta kamaci mai neman aikin ita ce: wane kamfani ne zai biya, mene ne cikakken sunansa, ina kuma ofishinsa yake?

Aikin kansa iri-iri ne. Akwai masu tsayawa a manyan kantuna suna bayanin kaya da ba da ɗanɗano. Akwai masu bin kasuwanni da unguwanni a motar gangami. Akwai masu yawo ƙafa da ƙafa suna rajistar layukan waya ko shawo kan 'yan kasuwa su karɓi na'urar POS. Duka suna buƙatar tsayuwa ta sa'o'i, da haƙurin jin "a'a" sau da dama a yini, a garuruwan da zafin watan Afrilu kan haura digiri 40.

Abin da ake nema daga sabon shiga

Wanda bai taɓa aikin albashi ba yakan ɗauka cewa ba shi da abin rubutawa a takardar CV. Wannan kuskure ne. Masu ɗaukar irin wannan aiki suna neman shaidar cewa mutum ya iya magana da baƙo, ya iya lissafi, kuma za a iya dogara da shi. Wanda ya yi shekara biyu yana tsare shagon yayansa a Kantin Kwari, ko wadda take sayar da turaren wuta ta WhatsApp, ko wanda ya riƙe ajiyar kuɗin ƙungiyar ɗalibai, duk suna da abin nunawa. Abin da ake so shi ne a rubuta shi a fili: wane kaya aka sayar, ga su wa, tsawon wane lokaci. Shafi ɗaya ya wadatar, da lambar waya mai shiga, da unguwar da mutum yake zaune, domin an fi son wanda ke kusa da wurin aikin.

Harshe ma jari ne. Kamfanin da hedikwatarsa ke Legas, idan yana son shiga kasuwannin Kano, Sakkwato ko Gusau, yana buƙatar wanda zai yi wa mai shago bayani da Hausar da zai gamsu, sannan ya rubuta rahoton yini da Turanci. Mai jin Fulatanci ko Barbarci a Yola ko Maiduguri ya ƙara daraja, kuma bai kamata ya bar wannan a baki ba tare da ya rubuta shi ba.

A ranar tantancewa, ba kasafai ake doguwar hira ba. An fi miƙa wa mutum wani kaya a ce ya sayar da shi cikin minti ɗaya ko biyu. Wanda ya yi nasara shi ne wanda ya fara da gaisuwa, ya tambayi mai saye abin da yake amfani da shi a yanzu, ya kawo dalili ɗaya ko biyu masu ƙarfi, ya faɗi farashi ba tare da inda-inda ba. Kafin ranar, yana da kyau mutum ya leƙa shago ya ga farashin kayan da na abokan hamayyarsa. Takardun da aka saba nema su ne lambar NIN, hoton fasfo, kwafin takardar makaranta, lambar asusun banki, wani lokaci da mutumin da zai tsaya wa mai neman aikin. Kwafi ake bayarwa. Takardar asali ba ta kwana a hannun kowa.

Lissafin da ya kamata a yi tun a gida

Biyan kuɗi a wannan aiki yakan zo ta hanya uku: kuɗin yini, ko kamasho a kan abin da aka sayar, ko haɗin biyun. Adadin da aka ambata a sanarwa ba shi ne ke shiga aljihu ba. A ɗauki misali kawai: idan an yi alkawarin naira 3,000 a yini, aka yi kwana 20, an samu naira 60,000. Idan kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa ya ci 1,000 a kullum, abinci da ruwa suka ci wata 1,000, abin da ya rage 20,000 ne, tun ba a cire kuɗin data na tura rahoto ba. Tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya zama abin da ke iya cinye rabin irin wannan lada.

Don haka akwai tambayoyin da ba rashin kunya ba ne a yi su: Kamfani ne zai ɗauki nauyin sufuri? Yaushe ake biya, ƙarshen mako ko ƙarshen gangami? Idan ba a kai adadin cinikin da aka ƙayyade ba, za a rage kuɗin yini ko kamashon ne kawai zai tafi? Idan kaya suka lalace ko suka ɓace, wa zai biya? Wanda ya ji amsar waɗannan kafin ya fara, ya huta da gardama a ƙarshe.

Abin da doka ta ce

A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Sai dai dokar mafi ƙarancin albashin ta ware wasu rukunai da ba ta shafa ba, ciki har da masu aikin wucin gadi na 'yan sa'o'i, da waɗanda ake biya kamasho, da wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Mafi yawan masu tallata haja suna faɗawa cikin ɗaya daga waɗannan rukunai, shi ya sa ake iya biyansu ƙasa da wannan adadi ba tare da an karya dokar ba.

Amma Dokar Ƙwadago ta tanadi wasu haƙƙoƙi. Sashe na 7 ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da farawa, wanda ya ƙunshi sunan kamfani, irin aikin, adadin lada da lokacin biyansa. Dokar ta ce kada tazarar biyan lada ta wuce wata ɗaya. Ta taƙaita abin da za a iya yanka daga ladan ma'aikaci, ta kuma hana jimillar yankan ta wuce kashi ɗaya cikin uku na ladan wata. Wanda ya yi aikin sa'o'i shida ko fiye a yini yana da haƙƙin hutun da bai gaza sa'a ɗaya ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 kuma, wadda hukumar NSITF ke kula da ita, ta haɗa da masu aikin wucin gadi idan suka ji rauni a bakin aiki.

Giɓin da ke nan a bayyane yake: gangamin da zai ƙare cikin mako biyu ba ya kaiwa wa'adin wata ukun nan, kuma sanarwar sallama ga wanda bai wuce wata uku ba kwana ɗaya ce kacal. Wannan ne ya sa ya dace mai neman aikin ya nemi a rubuta masa sharuɗɗan tun ranar farko, ko da saƙon waya ne, ya kuma riƙa ajiye hoton takardar halarta da ta cinikin kowace rana. Idan rigima ta taso, ana iya kai koke ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiha, sannan Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin sauraron irin waɗannan shari'o'i. A duka wuraren biyu, hujja a rubuce ta fi rantsuwa nauyi.

Alamomin tarko

Ba kowace sanarwa da ke yawo a WhatsApp ko Facebook ce aikin gaske ba. Alama mafi girma ita ce neman kuɗi: kuɗin fom, kuɗin horo, kuɗin riga. A shekarar 2023 Najeriya ta amince da Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ƙa'idarta ita ce kamfanonin samar da aiki kada su ɗora wa mai neman aiki kuɗi. Alama ta biyu ita ce a kira mutum tantancewa, sai ya tarar da taro ana wa'azin arziki, ana cewa ya sayi kaya da kuɗinsa sannan ya kawo mutum biyu ko uku. Wannan ba ɗaukar aiki ba ne, neman mai saye ne. Ta uku ita ce sanarwar da babu sunan kamfani, ko a ce a haɗu a ɗakin otal ko gidan wani. Ana iya duba sunan kamfani kyauta a shafin hukumar CAC, kuma yana da kyau a sanar da wani a gida wurin da za a je.

Ga mata akwai ƙarin abin lura. Wasu sanarwoyi sun fi damuwa da hoto da siffar jiki fiye da iya ciniki. Yana da kyau a tambayi irin suturar aikin da lokacin tashi tun kafin a amince, haka ma irin hajar da za a tallata, domin kada mutum ya tsinci kansa yana tallan abin da addininsa ko gidansu ba su yarda da shi ba. Najeriya ta amince da Yarjejeniya ta 190 kan hana cin zarafi da tsangwama a wurin aiki a 2022, kuma shugaban tawagar da ya ɗaure ci gaban aiki da wata buƙata ta daban ya keta haddi.

Shi ma mai tallan akwai nauyi a kansa. Kayan ci, sha ko shafawa da ba su da lambar NAFDAC abin gudu ne, haka ma yi wa kaya ƙaryar magani don a sayar. Wanda ke karɓar lambar NIN ko BVN ta jama'a ya sani cewa Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta hana amfani da su ta hanyar da masu su ba su amince ba, kuma fuskarsa ce mutanen unguwa za su tuna idan wani abu ya faru.

Inda siyasa ta shigo

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100. A 2023 ta sauya ma'auni, adadin ya koma kashi 4.1 a watanni ukun farko na shekarar. Ba ayyuka ne suka ƙaru dare ɗaya ba: a sabon ma'aunin, wanda ya yi aikin sa'a ɗaya a mako don samun kuɗi ana ƙirga shi cikin masu aiki, alhali a da sai ya kai sa'o'i 20. Alƙaluman hukumar sun kuma nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar suna ɓangaren da ba shi da tsari na hukuma. Matashiyar da ta tsaya ƙarƙashin laima ranar Asabar kaɗai, a lissafin gwamnati, mai aiki ce. Duk lokacin da ɗan siyasa ya ambaci yawan ayyukan da aka samar, tambayar da ta dace ita ce: na kwana nawa, a kan nawa, da wace kariya?

Duk da haka, aikin ba abin rainawa ba ne. Yana koyar da ciniki, da riƙe lissafi, da sanin dillalai da masu shaguna, kuma daga cikinsa ake zaɓar shugabannin tawaga da wakilan ciniki na dindindin. Wanda ya shiga da niyyar hawa gaba ya riƙa rubuta adadin abin da ya sayar a kowane gangami, ya nemi takardar shaida idan an kammala, ya kuma riƙe lambar waɗanda suka ga ƙwazonsa. Waɗannan ne za su cike takardar CV ɗin da a yau take kusan fayau, ranar da zai nemi aiki na biyu.