Daga Garwa zuwa Meiganga da iyali: hanyar fatake da taurarin damina

Duk ɗan kasuwar da ke safara tsakanin Arewacin Kamaru da iyakar Afirka ta Tsakiya ya san hanyar Garwa zuwa Meiganga ciki da waje. Ya san inda jandarmomi ke tsayawa, ya san shingen da ake biyan dala ɗari, wato sefa 500, ya kuma san mai shayin da ba ya tashi sai asuba. Amma idan ka tambaye shi yaushe rabon da ya bi hanyar da matarsa da 'ya'yansa, sai ya yi dariya. Da yawa daga cikin abokan cinikin da suka shekara 20 suna ba juna kaya bashi, 'ya'yansu ba su taɓa haɗuwa ba. Wannan ya sa a babban hutun makaranta na 2024, cikin watan Agusta, muka kwashi iyali muka nufi Meiganga domin ziyarar aminai.

Tafiyar ta kai kusan kilomita 440: kamar 280 daga Garwa zuwa Ngaundere, sannan kamar 160 zuwa Meiganga, hedikwatar yankin Mbere a jihar Adamawa ta Kamaru. Mun tsallake gadar Binuwai da sassafe, kogin ya cika ya batse, muka wuce Ngong da mararrabar Lagdo, inda 'yan Sin suka kammala madatsar ruwa a 1982. Ramukan da damina ta haƙa a titin sun sa tafiyar ta yi nauyi ƙwarai. Bayan Mbe sai hawan Falez, wurin da direbobin manyan motoci ke yawaita salati. Garwa tana kwari ne, tsayinta bai fi mita 250 daga teku ba, Ngaundere kuwa ta haura mita 1,000, shi ya sa kafin mu gama hawan yara suka fara neman rigunan sanyi. A Ngaundere muka kwana. Mai tafiya da iyali ba shi da dalilin bin wannan hanya da dare: ga hazo, ga gingimarin da ke jigila tsakanin Duwala da Njamena, ga kuma tarihin zargina, 'yan fashin da suka addabi fatake da makiyaya a shekarun 1990 da 2000, wanda har yanzu bai bar zukatan mutane ba.

Daga Ngaundere zuwa Meiganga kwalta ce tun farkon shekarun 2010. Waɗanda suka san hanyar lokacin tana jar ƙasa suna iya ba da labarin kwanakin da mota kan yi a kafe cikin taɓo.

Mai masaukinmu tsohon ɗan kasuwa ne, mai sayen zuma da garin rogo daga Gbaya da Mbororo yana aikawa Arewa, kuma yakan ci kasuwar shanu ta Ngawi da ke bakin iyaka. Irin gidansa shi ne abin da fataken da suka gabace mu ke kira gidan fatoma: nan baƙo ke sauka, nan ake ajiye masa kaya, mai gida ne ke tsaya masa idan ciniki ya rikice. Yau kuɗi na tafiya ta wayar salula, baƙo na kwana a otal, kuma a ganinmu an yi asara a nan, domin amanar da ba ta shiga cikin gida ba, da wuya ta wuce kan waɗanda suka ƙulla ta. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Kwana biyu kacal aka yi, yaranmu suka koma kiran mai gidan Baba, matansa kuma Inna, har ana rigimar wanda za a bari a can.

Agusta tsakiyar damina ce a Adamawa, don haka dare uku muka yi gajimare ya rufe sama. A na huɗu, daren 12 ga wata, an sheƙa ruwa da la'asar, gari ya washe, sannan wutar lantarki ta ɗauke a unguwar. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Sararin da ruwa ya wanke ya fi na hunturu haske nesa ba kusa ba, saboda babu ƙurar da ke dusashe taurari.

Bayan magariba Zara ta leƙo ƙasa-ƙasa a yamma, ba ta jima ba ta faɗi. Mahaifiyar mai gidan, wadda kowa ke kira Hajiya, ita ta karɓi ragamar hira. Ta lissafa wa jikoki taurarin damina yadda manoma ke ƙirga su: Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabaha da Harsan. Lissafi ne da malamai suka ɗauko daga Larabawa, masaukai 28 a shekara, kowanne kwana 13, ban da Jabaha mai 14, jimla 365. Cikin yara tara da ke kan tabarmar, masu zuwa boko da masu zuwa allo, babu wanda ya taɓa jin ko ɗaya daga sunayen nan.

Akwai abin da ya kamata matafiyi ya gwada da kansa. Tauraron arewa, wanda ba ya gusawa daga wurinsa, yana sauka ne gwargwadon yadda mutum ke yin kudu. A Kano yana bisa ƙasa da digiri 12, a Garwa kamar 9, wato kusan faɗin dunƙulen hannu idan ka miƙe shi, a Meiganga kuwa 6 da rabi ne kawai, har rufin maƙwabci ma yana iya ɓoye shi. Sai da muka fita bakin titi kafin muka hango shi.

Wata ya faɗi wajen tsakar dare, daga nan taurari suka fara tsinkewa, ɗaya bayan ɗaya, yara na ihu suna ƙirgawa. Masana sun bayyana cewa duk shekara, wajen 12 da 13 ga Agusta, duniya kan ratsa ƙurar da wani tauraro mai wutsiya, Swift-Tuttle, ya bari a hanyarsa. Shi kansa sai bayan shekara 133 yake zagayowa, rabonsa da kusantar rana tun 1992. Yawancin abin da ke ba da wannan haske bai fi ƙwayar yashi ba, gudunsa ne ya kai kusan kilomita 59 a daƙiƙa, sai ya ƙone a sama.

Waɗanda suka jure har goshin asuba sun ga Kaza da 'ya'yanta ta yi sama a gabas, a ƙarƙashinta kuma wani tauraro mai tsananin haske da wani ja a gefensa. Nan gardama ta kaure, mai gida ya dage cewa Gamzaki ne. Amma Zara da Gamzaki abu guda ne, wato Zuhura: idan tana fitowa da yamma a kira ta Zara, idan ta koma asuba a ce Gamzaki, ba a ganin su biyun a lokaci guda. Abin da ke gabas a daren nan Mushtari ne, jan kuwa Marriku, waɗanda suka kusanci juna sosai a 14 ga Agustan 2024. Hajiya ce ta raba gardamar, ta ce a tashi a yi alwala.

Ga wanda kasuwa ba ta bar shi ya motsa da damina ba, akwai irin wannan tsinkewar taurari wajen 13 da 14 ga Disamba, lokacin hanya ta bushe, sai dai a nemi daren da ƙurar hunturu ta lafa, a kuma fita bayan gari, nesa da fitilun tasha.