Daga Al Khabaisi zuwa Kano: Yadda sunan launi ke jawo riba ko asara a cinikin jan farce

Wata ranar Talata da la'asar muna zaune a masaukinmu da ke unguwar Al Khabaisi a yankin Deira na birnin Dubai, sai ga saƙon murya daga Kano. Wata yayarmu ce mai shagon kayan kwalliya take neman mu sayo mata jan farce dozin goma, ruwan hanta, domin akwai wani biki da ƙawayen amarya suka fitar da anko mai wannan launi. Muka ce ai wannan mai sauƙi ne, Yaya ta kwantar da hankalinta.

Muka hau jirgin ƙasa na cikin gari daga tashar Abu Baker Al Siddique, a tasha ta uku muka sauka a Baniyas Square, muka taka zuwa shagunan sari da ke kewayen kasuwar Naif. Da muka gaya wa mai shago ja mai duhu muke so, sai ya jero mana kwalabe sun fi ashirin, kowacce ja ce, kuma kowacce mai duhu. Muka zaɓi wadda ta fi kwanta mana a rai, aka ɗaure kaya aka tura. Da kaya suka isa Kano, amsar da muka samu ita ce ruwan zoɓo muka aiko, ba ruwan hanta ba. Ƙawayen amarya suka ƙi saye, har yanzu fiye da rabin kayan na kan kanta.

Wannan 'yar asara ce ta sa muka tsaya muka yi nazari. Cinikin saƙo ya ƙaru tsakanin 'yan kasuwarmu da Dubai tun lokacin da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da bai wa 'yan Nijeriya biza a watan Oktoban 2022, matakin da ba a ɗage ba sai a watan Yulin 2024. A tsawon wannan lokaci hajiyoyi da dama da suka saba zuwa su zaɓi kaya da idonsu sun koma dogaro da ɗan aike da waya, wasunsu kuma har yau a kan haka suke. To idan ido bai je kasuwa ba, baki ne zai je, kuma kalma ɗaya ta isa ta raba mutum da uwar kuɗinsa.

Ba talaucin harshe ba ne

Da farko mun so mu ɗora laifin a kan Hausa, musamman da yake sunan abin ma kansa yana da rikici. Muna ce masa jan farce ko da kore ne, kamar yadda muke cewa jan baki ko da baƙi ne, shi ya sa za ka ji yarinya ta shiga shago tana tambayar koren jan farce ba tare da kowa ya yi dariya ba. Amma da muka zauna muka lissafa kalmomin launi da iyayenmu mata ke amfani da su, sai muka ga laifin namu ne.

Akwai fari da baƙi da ja, waɗanda su ne ginshiƙi. Wasu masana biyu na Amurka, Brent Berlin da Paul Kay, sun nuna a wani littafi da suka wallafa a 1969 cewa harshen da ke da kalmomin launi uku kacal, to waɗannan ukun ne yake da su. Bayansu muna da shuɗi da kore, wanda wasu ke kira tsanwa ko algashi, da rawaya, wadda ta samo suna daga tsiron da ake rini da saiwarsa, sai kuma shunayya.

Inda Bahaushe ya gwanance shi ne wajen kalmar ruwa. Duk abin da ido ya sani, sai a jingina masa launi: ruwan goro, ruwan hoda, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan ɗorawa, ruwan zuma, ruwan madara, ruwan ganye, ruwan gwal, ruwan hanta, da ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa da ake yi wa daɓe da katanga. Ƙofar kuma ba ta rufe ba, domin da kayan zamani suka shigo sai ga ruwan bula da ruwan omo da ruwan siminti.

Larabawan da muke ciniki da su a Deira ma hanyar da suka bi ke nan. Ruwan toka a wajensu ramadi ne, daga kalmar toka. Ruwan ƙasa bunni ne, daga 'ya'yan gahawa. Ruwan hoda wardi ne, daga furen wardi, shuɗi mai duhu kuma kuhli, daga kwalli. Ashe kowa da abin da ke gabansa yake auna launi.

Tambayoyi uku

A shekarar 1905 wani malamin zane a birnin Boston na Amurka mai suna Albert Munsell ya fitar da tsarin da har yanzu masana launi ke amfani da shi. Abin da ya koyar shi ne ba a gama siffanta launi sai an amsa tambayoyi uku. Ta farko, wane dangi ne, ja ne ko shuɗi ko rawaya, kuma wane maƙwabci ya fi karkata gare shi? Ta biyu, yaya haskensa ko duhunsa? Ta uku, yaya ƙarfinsa, ya cika ne ko ya dusashe?

Abin sha'awa, Hausa na da amsar kowacce. Dangi shi ne sunan launin da kuma ruwan kaza. Haske da duhu muna faɗinsu kai tsaye. Wajen ƙarfi kuwa muna da ja wur ko jajir, kore shar, fari fat, baƙi ƙirin ko wuluk, idan launi ya cika. Idan kuma ya yi rauni sai mu maimaita kalmar, mu ce ja-ja ko baƙi-baƙi. Marinan Ƙofar Mata, inda tarihin baka ke cewa an fara rini tun 1498, sun san bambancin zanen da ya ciza da wanda bai turu ba, sun kuma san wanda ya koɗe.

Da wannan ma'auni muka gano kuskurenmu. Mun amsa tambaya ta biyu, muka tsallake rabin ta farko. Ruwan hanta ja ne mai duhu da ya karkata zuwa ruwan ƙasa. Ruwan zoɓo kuwa ja ne mai duhu da ya karkata zuwa shunayya, wato akwai ɗan shuɗi a cikinsa. Haka abin yake a sauran dangin ja: a zuba masa fari ya zama ruwan hoda, a zuba rawaya ya zama ruwan goro, a zuba shuɗi ya nufi shunayya. Yaya ta faɗi kalmar da ta dace, mu ne muka daddatse ta a hanya muka mayar da ita ja mai duhu.

Sunan kamfani ba ya siffanta komai

Wani zai ce ai kamfanoni na rubuta suna a gindin kwalba. Gaskiya ne, sai dai sunan na talla ne. Tun da kamfanin Revlon ya fara sayar da jan farce mai rufe farce ruf a 1932, masu wannan sana'a suka gane cewa suna mai daɗi ya fi jawo ciniki. Revlon ya fitar da wani ja a 1952 ya sa masa Fire and Ice, wato wuta da ƙanƙara. Kamfanin Essie na da wani ruwan hoda mai haske da ake kira Ballet Slippers, takalman rawa ke nan, wanda aka san marigayiya Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu da shi. Kamfanin OPI kuma a 1999 ya raɗa wa wani ja suna mai ma'anar wai ni ba mai raba abinci ba ce. Ka ga babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai taimaki mai shago a Sabon Gari. Ruwan goro ya fi su gaskiya, tunda kowa ya taɓa ganin bakin mai cin goro.

Abin da ke da amfani a gindin kwalba shi ne lamba. Masu ɗab'i sun daɗe da gane haka, shi ya sa tun 1963 kamfanin Pantone ya bai wa launuka lambobi domin mai oda da mai bugawa su daidaita ko ba su ga juna ba. Sai dai a jan farce kowane kamfani da nasa lambobin, saboda haka lamba ba ta da amfani sai an haɗa ta da sunan kamfanin.

Hoto ma yana yaudara

Hoton waya ba hujja ba ne. Fitilun shago farare ne masu ɗan shuɗi, hasken rana da la'asar kuma yana da ɗan ja, sannan kowace waya da yadda take gyara hoto. Mai karatu zai iya tuna rigar nan da ta raba kan duniya a intanet a 2015, wasu na rantsuwa fara ce da ruwan gwal, wasu na cewa shuɗiya ce da baƙi, alhali hoto ɗaya suke kallo.

Bayan haka akwai fatar mai shafawa. Wani masanin sinadarai Bafaranshe, Michel Chevreul, wanda ya shugabanci sashen rini na masaƙar Gobelins a birnin Faris, ya bayyana a 1839 cewa launi na sauya kama a ido gwargwadon abin da ke kusa da shi. Ruwan hodar da ya laɓe a hannun fara sol, sai ya fito ya yi tsawa a hannun baƙa, ya kuma ba da wani abu daban a hannun wankan tarwaɗa. A nan ne ya kamata 'yan kasuwarmu su yi hattara da abin da ake kira nud, wato wai launin fata. Shekaru da dama fatar Turawa ake nufi da wannan suna. Ga mafi yawan matanmu, launin fata yana tsakanin ruwan zuma da ruwan ƙasa da ruwan makuba ne.

Inda suna ke taɓa lafiya da ibada

Kafin kwalba ta zo, lalle ne jan farcenmu, kuma har gobe shi ne na amare da na sallah. Kakanninmu kan kwana da hannu a cikin zunguru domin ƙunshi ya kama. Sinadarin da ke cikin ganyen lalle yana shiga jikin farce ne ya rina shi, ba ya hawa kansa, shi ya sa ba ya goguwa sai farcen ya tsiro an yanke. Da yake farcen hannu na tsawo da kusan milimita 3 a wata, akan yi wata huɗu zuwa shida kafin jan ya ƙare. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya al'adar lalle cikin jerin kayan gadon ɗan Adam, bisa buƙatar ƙasashen Larabawa 16 da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta jagoranta.

Launin lalle na gaskiya yana farawa ne daga ruwan goro, ya tafi ja, ya tsaya a ruwan makuba. Ba ya zama baƙi ƙirin cikin 'yan mintoci. Abin da ake kira baƙin lalle, wanda a gida muka fi sani da dayis, galibi yana ɗauke da sinadarin rina gashi da ake kira PPD. Wani bincike da aka wallafa a 2010 kan lallen da ake amfani da shi a shagunan kwalliya na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya samu wannan sinadari a dukkan samfurin baƙin lallen da aka gwada, a wasu har ya kusa kashi 30 cikin 100. Yana iya jawo ƙaiƙayi da kumburi da ƙuraje masu ruwa da tabo, kuma wadda jikinta ya taɓa ƙin sa, to ta yi hankali da man rina gashi har ƙarshen rayuwarta. A nan kalmar lalle da aka liƙa masa ita ce ke kwantar wa uwa hankali har ta miƙa hannun 'yarta.

Haka batun alwala. Malamai sun bambance tsakanin abin da ya rina farce da abin da ya rufe shi. Lalle rini ne, ruwa na taɓa farcen. Jan farce kuwa shafi ne da ke hana ruwa isa, shi ya sa mata da yawa ba sa shafa shi sai lokacin da suke fashin sallah. Akwai nau'in da kamfanoni irin su Inglot na ƙasar Foland ke cewa iska da danshi na ratsa shi, amma malamai ba su haɗu a kan cewa ya wadatar a alwala ba. Don haka rubutun halal a jikin kwalba ba fatawa ba ce, kowa ya tuntuɓi malaminsa.

Abin da muka koya

Ga mai aike da ɗan aike, shawararmu ita ce a faɗi launi da cikakken sunansa na Hausa, a ƙara da inda ya karkata, da haskensa, da ƙarfinsa. A haɗa da sunan kamfani da lamba. A shafa a farce sau biyu, a bari ya bushe, a fita waje a ɗauki hoton a inuwa kusa da farar takarda. Idan anko ne, a aiko da ƙyallen atamfar ko leshin, domin gani ya kori ji. Idan kuma kayan da yawa ne, a fara turo kwalba ɗaya.

Ga 'yan'uwanmu da suka daɗe a Makka da Jidda da Omdurman da zangon Kumasi da nan Dubai, akwai wani abin lura. 'Ya'yanmu da dama sun san finki da marun da wardi da bunni, amma idan aka ce ruwan makuba sai su tsaya suna kallon baki. Ba laifi ba ne su san na wasu, amma ranar da kakarsu ta aiko daga Katsina ko Maraɗi tana son mayafi ruwan ɗorawa, wa zai fassara?

Mu dai mun biya kuɗin karatunmu. Da Yaya ta sake aikowa a kawo mata ruwan zuma, sai da muka tambaye ta ta fari ce ko ta kaka mai duhu, kafin muka ɗaga ƙafa daga Al Khabaisi. Allah Ya sa albarka a kasuwa.