Amfanin Dafaffen Dankali da Sauran Saiwoyi ga Jikin Mutum

Ana so Hakiman ƙasar Boɗinga da ta Shagari, da malaman da ke riƙe da littattafansu, su karanta wannan takarda, sa'an nan su bayyana wa Dagatai da masu unguwanni abin da ke cikinta. Maganar kuwa ta saiwoyin nan ce da akan dafa a ci, watau dankali, wanda Sakkwatawa ke kira kudaku, da rogo, da karas. Abinci ne mai araha, akan kuma cika cikin yara da shi tun daga kaka har cikin ɗari. Don haka ya wajaba shugabanni su san abin da yake ba jiki, da abin da ba ya iya ba shi.

Dalilin damuwa ba ƙarami ba ne. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Jihar Sakkwato waɗanda ba su kai shekara biyar ba sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Ba rashin ƙoshi kaɗai ke kawo wannan ba. Yaro yana iya kwana da ciki cike, jikinsa kuwa da yunwa.

Masana abinci sun auna dafaffen dankali, sun tarar cikin giram 100, watau kamar ƙaramin dankali ɗaya, akwai kusan kalori 76. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa, kamar yadda akan auna hatsi da mudu. Akwai kuma giram 18 na sitaci da sukari, da giram 2 da rabi na harza mai gyara ciki da hana taurin bayan gida, da miligiram 13 na bitamin C. Amma sinadarin gina jiki, wanda yaro ke girma da shi, bai kai giram 1 da rabi ba. A nan ne raunin dukan saiwoyi yake. In aka gwada, giram 100 na tsabar gero yana da kusan giram 11, busasshen wake ya haura 20, gyaɗa kuwa kusan 25. Rogo ya fi dankali ƙarfi nesa, amma a wajen gina jiki duk kanwar ja ce. Saboda haka al'adar nan ta cin dafaffen rogo ko dankali da garin ƙuli-ƙuli ba ta banza ba ce, ko da yake masu yinta daɗi suke nema. Ƙuli-ƙulin ne ke cike abin da saiwar ta rasa.

A ƙasashen sanyi ma haka abin yake. Mutanen Ingila suna da wata farar saiwa mai zaƙi, 'yar'uwar karas, wadda suke kira fasnif. Sun daɗe suna dogara da ita lokacin sanyi, tun kafin dankalin Turawa ya iso musu daga Amurka ta Kudu. In an dafa ta, giram 100 yana ba da kusan kalori 71, da giram 17 na sitaci da sukari, da giram 3 da rabi na harza, da miligiram 13 na bitamin C. Duk wanda ya dubi wannan lissafi ya ga kusan na dankali ne. Ba ta yin zaƙi sosai sai sanyi mai daskarar da ruwa ya buge ta a ƙasa, don haka ba amfanin gonar Sakkwato ba ce, kuma babu abin da talaka ya yi hasara don rashinta.

Abin da ya fi muhimmanci Hakimai su riƙe shi ne maganar launi. Fasnif fara ce, dankalin da aka saba shukawa a Arewa shi ma cikinsa fari ne ko fatsi-fatsi, dukansu kuwa bitamin A ɗinsu bai taka kara ya karya ba. Wannan bitamin shi ke tsare ido. In ya yi ƙaranci a jikin yaro, sai dundumi ya fara kama shi, magariba na yi ya riƙa laluben hanya. In abin ya yi tsanani idon yakan bushe, har ya mutu, kuma ƙyanda da zawo sun fi kayar da irin wannan yaro. Saiwa mai ciki ruwan lemo ita ke da shi da yawa. Dafaffen karas giram 100 yana da fiye da maikirogiram 800, dankali mai jan ciki sosai yana da kusan haka, alhali yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku bukatarsa ta yini ba ta wuce 300 zuwa 400 ba. Ashe ƙaramin dankali ɗaya ya ishe shi.

Irin wannan dankali ba labarin nesa ba ne. Cibiyar binciken saiwoyi ta ƙasa da ke Umudike, a Jihar Abiya, ta fitar da wani iri mai suna King J a 2012, da wani mai suna Mother's Delight a 2013. A 2016 aka ba masana huɗu Lambar Abinci ta Duniya saboda aikin ƙara wa amfanin gona bitamin, uku daga cikinsu a kan wannan dankali suka yi aiki. Yakan nuna cikin wata uku zuwa huɗu, kuma da yaɗonsa ake dasa shi kamar wanda aka saba. Masu fadama da masu lambu a Sifawa, ko Danchadi, ko Kajiji, ko bakin madatsar ruwa ta Shagari, sai su tambayi malamin gona inda za su sami iri. Gaskiya ne wasu sukan ce ya cika laushi in an dafa, bai yi gari-gari kamar fari ba. Wannan ƙorafi na manya ne, yara ba su kan yi shi ba.

Sauran magana ta dahuwa ce, kuma nan ne akan yi ɓarna ba a sani ba. Bitamin C yana narkewa a ruwa, zafi kuma yana cin sa. Matar da ta fere dankali, ta yayyanka shi ƙanana, ta cika tukunya da ruwa, ta bar shi yana tafasa har ya faffashe, sa'an nan ta tsiyaye ruwan, ta zubar da wani rabo na amfaninsa a bayan ɗaki. Abin da ya fi shi ne a wanke shi tas, a dafa da ɓawonsa cikin ruwa kaɗan, a rufe tukunya, a sauke da ya nuna. Bitamin A kuwa sha'aninsa dabam ne. Dahuwa ba ta ɓata shi ƙwarai, ta ma kan taimaka jiki ya same shi, amma ba ya shiga jini sosai sai da maiƙo. Don haka dafaffen karas da ɗan man gyaɗa ya fi ɗanye amfani ga yaro, ko da yake ɗanyen ake tallarsa a tire. Cokali ɗaya na man gyaɗa, ko manja, ko man shanu, ya isa. Masu ciwon sukari kuma su sani dafaffen dankali bai kai gasasshe saurin ta da sukari ba.

Akwai gargaɗi biyu. Rogo mai ɗaci yana da guba, dahuwa kaɗai ba ta raba shi da ita. Sai an fere shi, an jiƙa shi kwana uku ko fiye, an zubar da ruwan. Ko mai daɗin ma kada a bar yara su ci shi ɗanye. Dankalin da ƙwari suka huda, ko ya yi baƙin tabo mai ɗaci, a zubar da shi, kada a ba mutum ko dabba.

Dagatai su tuna wa iyaye cewa ɗigon bitamin A da ma'aikatan lafiya ke ba yara sau biyu a shekara, daga ɗan wata 6 zuwa ɗan wata 59, ba a daina karɓarsa don ana cin karas ko jan dankali. Yaron da aka ga yana dundumi kuwa a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.