Abin da ya kamata ku sani: zaman jiran jirgi kafin shiga Antaktika

Duk shekara, da zarar watan Oktoba ya kama, masu bincike kan fara taruwa a birnin Christchurch na ƙasar New Zealand da niyyar tsallakawa zuwa Antaktika, nahiyar ƙanƙara da ke can ƙarshen duniya ta kudu. Lokacin aiki a can daga Oktoba ne zuwa Fabrairu, sa'ad da sanyi ya ɗan sassauta, rana kuma ta daina faɗuwa. Birane biyar ne aka sani da zama mashigar nahiyar: Christchurch, da Hobart a Ostireliya, da Cape Town a Afirka ta Kudu, da Punta Arenas a Chile, da Ushuaia a Ajantina. Amurkawa masu zuwa sansanin McMurdo da 'yan New Zealand masu zuwa sansanin Scott ta Christchurch suke bi.

Sai dai isa Christchurch ba shi ne tafiya ba. Mutum zai karɓi kayan sanyi, ya gwada jar rigar nan mai kauri da manyan takalman roba, a auna shi a auna jakarsa, sannan a ce masa ya koma masauki, yau ba tashi.

Me ke jawo haka? Tsakanin Christchurch da McMurdo akwai kimanin kilomita 3,800, kusan duka a kan teku. Jirgin soja samfurin C-17 yakan cinye tafiyar cikin awa biyar, shi kuwa Hercules mai sauka a kan dusar ƙanƙara sai ya yi wajen awa takwas. Babu wani gari a hanya da za a ratse a sauka idan al'amari ya ɓaci. Filin saukar ma, wanda ake kira Phoenix, dusar ƙanƙara ce aka daddanne ta yi tauri. Idan guguwa ta taso daga kudu ta kwashi dusar nan, sama da ƙasa sai su zama fari fat, matuƙi ba zai iya bambanta su ba. Wanda ya taɓa kwana a filin jirgin Kano saboda hazo ya san irin abin, illa dai a can babu Abuja ko Legas da za a karkata.

Wani lokaci jirgin yakan tashi, a yi awa uku ko huɗu a sama, sai labari ya zo cewa yanayi ya juya. Akwai wani wuri a hanya da idan Hercules ya wuce shi, man da ya rage ba zai iya mayar da shi gida ba, don haka kafin a kai nan ake yanke shawara. Sai a juyo, mutane su sauka a inda suka taso da safe, a gajiye, sanye da kayan sanyi a garin da bazara ta fara. Manyan jakunkunansu kuwa suna nan ɗaure cikin kayan jirgi. Shi ya sa ake umartar kowa ya ware ƙaramar jaka mai kaya kala ɗaya ko biyu da buroshi da magani, ita kaɗai za a miƙo masa. A Oktoban 2018 guguwa ta hana jiragen farko tashi har kusan mako biyu.

To, me mutum zai yi da kwanakin nan? Yawon buɗe ido, amma na mai ɗaure da igiya. Yawanci kwana ɗaya-ɗaya ake ɗagawa, kuma ana iya kiran mutum da asuba, saboda haka ba mai yin nisa. Akan zaga lambun itatuwa na tsakiyar gari, a bi gaɓar kogin Avon, a ga yadda birnin ya sake ginuwa bayan girgizar ƙasar 22 ga Fabrairun 2011 da ta kashe mutum 185. A bakin kogin akwai mutum-mutumin Robert Falcon Scott, Baturen Ingila da ya mutu a 1912 a hanyarsa ta dawowa daga tsakiyar nahiyar. Matarsa Kathleen ce ta sassaƙa shi. Girgizar ta kayar da shi, sai a 2017 aka sake tsayar da shi. Bayan tsauni kuma akwai tashar ruwa ta Lyttelton, inda jirgin Scott ya tashi a 1901 da 1910, na takwaransa Ernest Shackleton kuma a 1908. A ganina nan ne ya fi cancanta mai jira ya je, ko don ya tuna cewa waɗancan makonni suka yi a teku kafin su isa nahiyar.

Isa McMurdo ma bai raba mutum da jira ba, domin wurin binciken na iya kasancewa ɗaruruwan kilomita a gaba, sai ƙaramin jirgi ko helikwafta ya kai shi. An kasa yanayin sansanin gida uku; idan ya kai mafi muni, ko ƙofa ba a yarda a fita ba. Ranar da gari ya yi kyau amma babu jirgi, akan leƙa bukkar katako da mutanen Scott suka gina a 1902, wadda sanyi ya hana ta ruɓewa, ko a hau tudun da aka kafa gicciye a kansa a 1913 don tunawa da Scott da abokan tafiyarsa da suka mutu, a hango dutsen Erebus yana fitar da tururi.

Sai dai jiran ba abin dariya ba ne. Wanda ya shafe shekaru yana neman kuɗin bincike, aka ba shi mako shida a kan ƙanƙara, idan biyu suka tafi a jira ba mai rama masa, domin jiragen kaɗan ne kuma wasu na layi a bayansa. Masu nazarin tsuntsayen fengwin ko dabbobin ruwa sun fi shiga uku, tunda lokacin ƙwai da haihuwa ba ya ɗaguwa. Saboda haka tun wajen tsara aiki ake saka kwanakin rara, a kuma jera gwaje-gwaje ta yadda mafi muhimmanci zai zo farko.