Mai Juna Biyu da Shawarwarin da Ake Turowa ta Waya

Ya ke mai juna biyu, idan kika duba layin awo da safe za ki ga kusan kowa da waya a hannu. Wata na sauraron saƙon murya a WhatsApp, wata na kallon bidiyo a TikTok ko Facebook. Wannan ba laifi ba ne. Abin da ke damun ma'aikatan lafiya shi ne yadda ake ɗaukar shawarar magani daga waya, a yi aiki da ita ba tare da an tambayi asibiti ba.

A watan Agusta na 2014, lokacin da ake fama da cutar Ebola a Legas, wani saƙo ya bazu ta wayoyi cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri kuma a sha. Gishiri ba ya maganin Ebola. An kwantar da mutane a asibiti, har an ba da rahoton rasa rayuka. Waɗanda suka tura saƙon ba maƙiya ba ne, 'yan uwa ne masu son a tsira. Don haka zuwan saƙo daga yayarki ko surukarki ba ya nufin gaskiya ne.

Wanda muka fi jin tsoro shi ne tallan maganin zaƙi da haɗin sauƙin naƙuda. Wasu daga cikinsu suna sa mahaifa ta riƙa matsewa da ƙarfi alhali bakinta bai buɗe ba. Idan jariri ya kwanta a gicciye, ko an taɓa yi miki tiyata a haihuwar baya, mahaifar na iya fashewa, a rasa ɗa, uwa kuma ta shiga haɗari. Mai tallan ba ta taɓa cikinki ba, ba ta auna jininki ba, kuma ba za ki same ta ba ranar da abu ya ɓaci.

Akwai kuma masu cewa ƙwayar ƙarin jini na sa jariri ya yi ƙato har haihuwa ta gagara. Ba haka ba ne. Ana ba ki ita ne saboda jikinki na buƙatar ƙarin jini, kuma macen da jininta ya yi ƙasa ba ta iya jure zubar jini lokacin haihuwa. Idan bayan gida ya yi baƙi, aikin ƙwayar ne, kada ki daina sha.

Wasu alamomi ba a tambaya a kansu a zauren WhatsApp: zubar jini, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, zazzaɓi, fashewar faya kafin lokaci, ko raguwar motsin jariri. Ki taho asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Hawan jini na iya kaiwa ga jijjiga ba tare da kin ji wani ciwo sosai ba, waya kuwa ba ta gano shi. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu.

Idan saƙo ya sa ki shakka, ki zo da wayar ranar awo ki nuna wa ungozoma. Idan ma kin riga kin sha wani abu, ki faɗa mana, ki kawo ragowar. Sanin abin da kika sha zai taimaka mana wajen kula da ke. Sannan kada ki saka hoton katin awonki a zaure, domin yana ɗauke da sunanki da sakamakon gwaje-gwajenki.

Maigida, kai ma da naka aikin. Ka saita mata ƙararrawar shan magani da ta ranar awo. Ka adana lambar direba ko mai Keke Napep da zai amsa kira da dare, da ta 'yan uwa biyu da za su iya ba da jini idan an buƙata. Daga shigar wata na tara, a tabbata wayoyinku na kwana da caji da kuma kati.